Kafin ku sayi ɗan kifin pacu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai sha'awar ajiye pacu a tankin gilashi, ya fara tunanin wuri tukuna. Ana sayar da shi yana ɗan mitsitsi, jan cikinsa gwanin sha'awa, har wasu su ɗauka piranha ne, wato wani kifi mai kaifin haƙora da ke cin nama. Dangi ne kuwa, duk daga kogunan Amazon da Orinoco na Kudancin Amurka. Sai dai wannan ɗan ƙaramin kan wuce santimita 60, ya kuma rayu shekara 20 ko fiye. Tankin falo ba zai ɗauke shi ba, ƙarshenta sai an haƙa masa tafki.

Ku dubi haƙoransa: faffaɗa ne kamar na mutum, na fasa ƙwallon 'ya'yan itatuwan da ke faɗowa ruwa idan kogi ya malale cikin daji. To abincinsa ya fi karkata ga tsiro. Ku ba shi ƙwayoyin abincin kifi masu yawan ganye, ku haɗa da alayyafo, karas, ayaba ko tuffa. Nama kaɗan ya isa. Tsiron ado kam kada ma ku wahalar da kanku, cinye shi zai yi.

Ɗumin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28, da matata mai ƙarfi, domin akwai shi da ɓata ruwa. Ga saurin firgita, sai ya bangaji gilashi ko hita. Ku kare hitar, ku sa murfi mai nauyi, kuma a hana yara tsoma yatsa.