Firji ba ya kashe ƙwayoyin cuta

Uwargida da amarya, a kula: sanyin firji rage wa ƙwayoyin cuta saurin hayayyafa kawai yake yi, ba ya kashe su. Ko naman da ya daskare a firiza, suna nan da ransu. Yana narkewa su ɗora daga inda suka tsaya. A zafi irin namu, wasu kan ninka yawansu cikin minti 20.

Don haka kada miya ko shinkafa ta wuce awa 2 a waje. A raba ta a ƙananan robobi, ta fi saurin yin sanyi. In an ɗauke wuta, a hana yara buɗe-buɗe, firji a rufe kan riƙe sanyi wajen awa 4. Miyar jiya kuwa a tafasa ta sosai, ba ɗumi-ɗumi ba.