Kafin ku ɗora manhajar "ƙara gudun intanet"

'Yan uwa, ga shawara kan manhajojin gyara saitin intanet na kwamfuta, don ba aikinsu ɗaya ba.

TCP Optimizer kyauta ce, tana taɓa MTU (girman ƙunshin bayanai mafi girma da layi ke iya ɗauka a lokaci ɗaya) da sauran saitin TCP (ƙa'idar aikawa da karɓar bayanai a intanet) a Windows. Sai dai tun daga Windows Vista, tsarin da kansa yake daidaita yawan bayanan da yake karɓa, don haka ba lallai ku ga wani babban canji ba. Inda ta fi amfani shi ne layin PPPoE (irin layin intanet na waya da ake shiga da sunan mai amfani da kalmar sirri): MTU ɗinsa 1492 ne, ba 1500 ba, in aka bar shi ba daidai ba sai wasu shafuka su tsaya cak rabin hanya. Ku adana tsohon saitin tukuna, akwai wurin yin hakan a cikinta.

In kuwa shafi yana jinkiri kafin ya fara buɗewa, sannan ya sauko da gudu, ku zargi DNS, wato sabar da ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa na lambobi. DNS Benchmark za ta auna muku wane DNS ne ya fi sauri, DNS Jumper kuma ta sauya shi zuwa DNS na kowa da kowa irin su 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 nan take.

Ni dai duk manhajar da ta yi alkawarin ninka gudu, ba na ko kallonta.