Ga sababbin zuwa Jamus: ku yi hattara da tsutsar itacen Eiche

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu yara ƙanana da suka iso bana. Mu dai kun san halinmu, da zarar rana ta fito sai a ɗauki tabarma da kular abinci a nufi fak a nemi inuwa, ga shi kuma shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, daidai lokacin da wannan tsutsa take kan ganiyarta.

Jamusawa suna ce mata Eichenprozessionsspinner, sunan dogo ne amma ku riƙe shi don shi za ku gani a allon gargaɗi. Tana zama a jikin Eiche, itacen nan mai 'ya'ya kamar an sa musu hula. Uwarta wani malam buɗe littafi ne na dare mai ruwan toka, ƙarshen rani take saka ƙwai a can saman rassa, su ƙyanƙyashe wajen Afrilu ko Mayu. Za ku gan su sun yi layi kai da wutsiya suna hawa itace kamar an ja igiya, da dare su cinye ganye da rana su koma sheƙarsu, wata farar yana ce manne a jikin kututture ko ƙarƙashin reshe, wata kamar dunƙulen hannu wata ta kai ƙwallon ƙafa. In suka yi ta cinye ganyen shekara bayan shekara itacen yana raunana har ƙwari da cuta su samu hanya.

Dogon farin gashin da ake gani a jikinta ba shi ne abin tsoron ba, akwai wasu ƙananan da ido ba ya kamawa masu dafi, iska ke kwasarsu, don haka ba sai ka taɓa ta ba. Wanda ya san ƙaiƙayin karara a gida to ya ɗan fahimta. 'Yata ta kwanta kan ciyawa ƙarƙashin wani Eiche bara, da magariba wuyanta da hannayenta duk sun yi jajayen ƙuraje, ta kwana tana susa tana kuka, wallahi sai da muka yi sati guda kafin ta samu sauƙi, kuma ko tsutsar ba mu gani ba sai washegari da na koma na ɗaga kai.

In ta same ku kar a sosa, kar a murza ido. A cire kayan tun a bakin ƙofa, a manna salatif a wurin a ɓamɓare don ya kwaso gashin, a yi wanka har da wanke kai, kayan a sa a injin wanki a digiri 60. A wuce Apotheke, wato kantin magani, ko wurin Hausarzt ɗinku, wato likitan iyali, su ba da maganin ƙaiƙayi. Amma in numfashi ya fara sarƙewa ko fuska ta kumbura, musamman mai asma, ku kira lambar gaggawa 112 nan take kar a tsaya sai gari ya waye.

Don Allah kar wani ya ce zai sa wa sheƙar wuta ko ya bankaɗo ta da sanda kamar yadda muke yi wa gidan rina, gashin zai watse ne ya shiga gidan maƙwabta, kuma tsohuwar sheƙa ma da babu komai a ciki dafinta yana nan har shekaru. Ku ɗau hoto daga nesa ku sanar da Ordnungsamt, wato ofishin kula da doka da oda na gari, ko Hausverwaltung, wato masu kula da gidan, in a harabar gidanku ne, akwai ma'aikata masu rufe jiki ruf da suke zuƙe ta da inji. Itacen da aka ɗaure wa kirtani ja da fari kuwa ku kauce masa, ku kuma nuna wa yara hotonta tun yanzu.

'Yan uwa na Holan da Landan ita ce dai a wurinku, na Faransa kuma akwai 'yar uwarta ta itacen fayin (mai ganye kamar allura, Jamusawa na ce masa Kiefer) da take saukowa ƙasa a layi tun ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ita yara sun fi saurin kai mata hannu tunda a ƙasa take.