Yadda nake zana Dirakula da gawayin murhu

Zanen mashayin jini na farko da na yi, ƙanwata ta leƙa ta ce ya yi kama da wanda ya sha zoɓo bai goge baki ba. Da gaskiyarta. Na dame fuskar da jan biro, na ba shi haƙora zaƙo-zaƙo, amma ko yaron goye ba zai razana ba. Tun ranar na rage jini, na koma wa duhu.

Kafin ka taɓa takarda, ka tsayar da wane Dirakula za ka zana, wato mashayin jinin nan na labaran Turawa, don ba guda ba ne. Na littafin Bram Stoker na 1897 dogon tsoho ne mai farin gashin baki da kunnuwa masu tsini, har a tafin hannunsa gashi ya tsiro. Na fim ɗin Jamus, Nosferatu, na 1922 kansa ƙwal, haƙoran gaba biyu irin na ɓera, farata zara-zara. Wanda ɗan wasa Bela Lugosi ya fito a matsayinsa a fim ɗin 1931 ɗan gayu ne, gashi a kwance, baƙar alkyabba, kuma har fim ɗin ya ƙare ba a nuna fiƙarsa ba. Fiƙoƙi masu jini da jajayen idanun nan da muka saba gani, fim ɗin ɗan wasa Christopher Lee na 1958 ne ya yaɗa su. Idan ka cakuɗa su huɗun a fuska ɗaya, dodon wasan yara za ka samu.

Ni na Jamusawan ya fi kwanta min. Abin dariyar ma, a littafin Stoker mutumin ba shi da inuwa, madubi ma ba ya nuna shi, amma abin da kowa ya riƙe daga Nosferatu shi ne inuwarsa tana hawa matakala, yatsu a miƙe.

To, ga aikin. Da dare ka kashe wuta, ka tsaya gaban madubi, ka haska tocila daga ƙarƙashin haɓarka. Duba da kyau: ƙasan hanci da ƙasan gira sun yi haske, goshi ya nutse, kumatu sun faɗa. Ido ya saba da haske daga sama, shi ya sa na ƙasa ke daga hankali. Ka ɗauki hoto da waya. (Ka rufe ƙofa tukuna. Umma ta taɓa riskata a haka, sai da ta ja a'uziyya sau uku.)

Sannan ka samu gawayi mai laushi, wanda yake murmushewa tsakanin yatsu, ka baƙanta takardar gaba ɗaya, ka murje da auduga har ta yi toka-toka. Yanzu ba zane za ka yi ba, gogewa za ka yi. Ka fiƙe kan kilina da reza, ka riƙa ciro haske daga cikin duhun: karan hanci, ƙashin kumatu, gefen kunne ɗaya. Rabin fuskar ka bar ta a ɓoye. Ido ɗaya ya isa, shi ma ɗigon fari kawai.

Hannu ne wurin da za ka daɗe. Ka ƙara wa kowane yatsa tsawo kaɗan, gaɓoɓi su fito, kada yatsun su haɗe, kamar mai shirin dafa kafaɗar wanda bai san da shi ba. Nakan ɓata takarda uku a kan hannu kafin in samu wanda nake so.

Ja kuwa sau ɗaya tak, a gefen leɓe, da bakin biro.

Gawayi ba ya zama a takarda, don haka ka fesa masa maganin feshin gashi daga nesa, kamar kamu ɗaya, ka bari ya bushe. Idan ka matsa kusa zai jiƙe ya yi dabbare-dabbare. Nawa na ƙarshe kwana biyu ya yi a bangon falo, Umma ta ce ko in cire shi ko ta hura wuta da shi.