Ka Tsinci Tsohuwar Lambar Yabo A Akwatin Kaka? Ga Yadda Zaka Gano Asalinta Da Kuɗinta

Abu na farko dan Allah kar ka wanke ta. Da yawanmu da zarar sun ga lamba ta yi baƙi sai su ɗauko toka da lemun tsami ko Brasso su dirje ta har tana ɗaukar ido, to wallahi ka rage mata kuɗi da hannunka, domin masu tara irin waɗannan kayan wannan duhun na shekaru shi suke so su gani, kuma dirza tana cinye ƙananan rubutun da zaka bi ka gano tarihinta. Ƙyallen da ke rataye da ita ko ya kode ko ya yage barshi yadda yake, kar ka kai wa tela ya sa sabo.

Sai ka fito da ita waje da rana ka ɗauki hoto da waya, gaba da baya da kuma gefen bakinta, wannan na ukun shi mutane ke mantawa alhali nan maganar take. Ka auna faɗinta da rula, yawancin lambobin sojan Ingila milimita 36 ne. Nauyi kuma ka je wajen masu sayar da gwal a Balogun ko nan Agege su ɗora maka a ƙaramin sikeli, ka rubuta giram ɗin ka karɓi abinka ka tafi, in an ce kawo a ɗan kankare a ɗiga ruwan gwaji kace a'a. Mai gwal ƙarfe yake saye, farashin narkarwa zai baka, ba ruwansa da tarihi.

Yanzu karatu. Kan waye a jiki? In kaga GEORGIVS V to tsakanin 1910 da 1936 ne, GEORGIVS VI daga 1936 zuwa 1952, ELIZABETH II kuma daga 1952 zuwa 2022. Waɗanda suka fi yawa a gidajenmu su ne na yaƙin duniya na biyu, na kakanninmu da aka kwasa a runduna ta 81 da ta 82 aka kai su ƙasar Bama (Myanmar ta yau), irin tauraro mai tsini shida ɗin nan da kuma zagayayya mai 1939 da 1945 a baya. Akwai ta samun 'yancin kai mai ƙyalle kore fari kore da aka bai wa soja da 'yan sanda na ranar 1 ga Oktoba 1960, akwai na naɗin sarauta na 1937 da 1953, sannan tunda Legas muke zaka riƙa cin karo da kayan tunawa na FESTAC 77, wato bikin al'adun Afirka na 1977, masu fuskar Sarauniya Idia ta Binin, da na wasannin Afirka na 1973 da aka yi a filin wasa na Surulere. Ka saka hoton a Google Lens ko ka rubuta ainihin kalmomin da ke jiki a Numista, shafin masu tara tsabar kuɗi da lambobi, galibi zata fito. Amma shekarar da ke jiki ba kullum ce shekarar ƙira ba fa, kaga tsohon kuɗin azurfan nan mai kan mace da iyayenmu mata ke yin ado da shi, na Mariya Tariza, 1780 ake bugawa a jikinsa har waɗanda aka ƙera shekaru ɗari da wani abu bayan nan.

To ga inda nake son ka natsu. Tsufa daban, ƙaranci daban. Lambar azurfa ta yaƙin duniya na ɗaya ta haura shekara ɗari amma sama da miliyan 6 aka buga, na yaƙi na biyu ma haka suke birjik kuma Ingila bata rubuta sunan kowa a jikinsu ba, shi yasa tauraron Bama shi kaɗai ba wani kuɗi yake ba duk da wahalar da mazan jiya suka sha a wancan dajin. Wadda ake rububi ita ce mai suna da lambar soja da sunan runduna a gefen baki, musamman in akwai ɗan ƙarfe a gicciye a kan ƙyallen mai rubutu kamar N. NIGERIA 1903, wato shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, ko N. NIGERIA 1906 shekarar yaƙin Satiru. Irin wannan galibi azurfa ce, kuma ana iya bin sunan har cikin rajistar da ke gidan adana takardun Ingila a unguwar Kew ta Landan a ga ko da gaske an bai wa mutumin. Ni a ganina ko baka da niyyar sayarwa wannan binciken ya cancanci kuɗin data, don zaka san a ina kakanka ya tsaya a wannan tarihin, ko da abin da zaka gano ba mai daɗin ji bane.

Saboda haka duk wata takarda da ka samu tare da ita, littafin sallama daga soja, katin fansho, hoton tsoho da kaki, ka haɗa su wuri ɗaya. In lambobin huɗu ne a jere kar 'yan uwa su ce a raba gado kowa ya ɗauki ɗaya, a haɗe suka fi daraja nesa ba kusa ba. A nan gida zaka iya leƙawa gidan tarihi na Onikan ka nuna wa ma'aikata, in kuma takardun mulkin mallaka kake nema to sai Ibadan ko Kaduna, can ma'adanar ƙasa take.

Maganar jabu kuwa, mayen ƙarfe zai taimaka amma ba duka ba, in ya kama ta to ba azurfa bace, in bai kama ba kuma ba hujja bace don tagulla ma baya kamawa. Ka duba da kyau, ta gaske bugawa aka yi da inji, rubutunta a tsaye yake tsaf, ta jabu zubi ce, zaka ga ƙananan ramuka da layin haɗi a gefe kuma haruffan kamar sun narke. Lambobin tunawa na azurfa da kamfanonin Ingila suka yi sukan zo da ƙananan hatimai, ɗan zaki mai tafiya yana nufin azurfa 925, anga kuma alamar Bamingam ce.

Farashi. Kar ka kalli abin da mutum ya rubuta yana nema a eBay, kowa na iya rubuta dala dubu goma ya kwanta barci, ka danna wajen waɗanda aka riga aka sayar ka ga abin da aka biya da gaske. Gidajen gwanjo na Landan irin Noonans da Spink suna barin sakamakon tsofaffin gwanjonsu a intanet, ka nemo irin taka sak, yanayi ɗaya, ka kwatanta guda uku ko huɗu sannan ka cire kamasho da kuɗin aikawa. Kafin ka aika komai waje ka tambayi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ko yana buƙatar takardar izini, kar kwastan su riƙe maka a Ikeja.

Sai 'yan damfara, don suna nan da yawa. Wanda zai ce maka akwai Bature a Lekki da zai biya miliyan hamsin amma ka fara kawo kuɗin gwaji ko na satifiket, ko yace akwai wani sinadari a ciki kamar yadda ake ta yi da tsohon dutsen guga da keken ɗinki, rabu da shi. Mai saye na gaskiya hoto zai nema da nauyi da rubutun gefe, baya karɓar ko sisi a hannunka, kuma kar ka bar wa kowa ita ya kwana da ita da sunan zai nuna wa oga.