Takardar Rasuwa a Amurka: Abin da Ya Kamata Sabon Zuwa Ya Sani Game da Ofishin Gunduma

A gida idan aka yi rashi da safe, kafin azahar an kai mamaci makwancinsa, kuma sau da yawa ba wanda zai tambayi wata takarda sai lokacin rabon gado ko karɓar fansho. A Amurka takarda ce ke gaba. Ba a binne gawa sai da izinin hukuma, banki ba ya sakin ko sisi daga asusun mamaci, kamfanin inshora ba ya sauraron iyali, motarsa ma ba ta canza suna, har sai an ajiye musu takardar shaidar rasuwa mai hatimin gwamnati. Shi ya sa nake so 'yan uwa sababbin zuwa su san wannan al'amari tun ana lafiya.

Abu na farko da ke rikita mutanenmu shi ne inda takardar take. Ana rajistar rasuwa ne a inda rai ya fita, ba inda mutum yake zaune ba. Kusan kowace jiha ta kasu gunduma-gunduma, wato abin da ake kira kawunti a nan, kuma gundumar da aka rasu a cikinta ita da jiharta ke riƙe da bayanin. Direban tirela da ke zaune a Shikago, idan ajali ya same shi a kan hanya a jihar Ohayo, to Ohayo za a nema. Gwamnatin tarayya ba ta ba da wannan takarda. Sunan ofishin ma yakan bambanta: a gundumar Cook, inda Shikago take, ofishin akawun gunduma ne, a Ohayo sashen lafiya na birni ko na gunduma, birnin Niyok kuwa yana da tsarinsa dabam da na jihar, ma'aikatar lafiyar birnin ce ke bayarwa, don haka 'yan uwanmu na yankin Bronx da ke cikin birnin ba su da wani aiki da ofishin gunduma a kan wannan.

Ba iyali ne ke rubuta takardar ba. Kamfanin da ke shirya jana'iza shi ke cike ta ya miƙa wa hukuma, likita ya rubuta dalilin rasuwa ya sa hannu. Amma duk bayanin mamacin daga bakinmu yake fitowa, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ke bin iyali shekara da shekaru.

Na taɓa raka wani matashi ofishin masu jana'iza ranar da mahaifinsa ya rasu. Muna sauri a samu sallar gawa bayan azahar, waya sai ƙara take daga gida. Matar da ke cike fom ta tambayi sunan mahaifiyar marigayin. Yaron ya yi shiru ya dube ni, idanunsa jajur. Tun tasowarsa Inna ya san ana ce mata, bai taɓa jin an ambaci sunanta na yanka ba. Sai da muka kira gida, ya ce, "Goggo, ki yi haƙuri, sunan Inna na gaskiya ake tambaya a nan." Ita ma sai da ta ja numfashi kafin ta faɗa. Wannan kunyar tarbiyyarmu ce kuma ina girmama ta, amma fom ɗin yana da gurbin sunan uba da na uwa, da ranar haihuwa, da garin haihuwa, da sana'a, da lambar Social Security (lambar shaida da hukumar fansho ta gwamnatin tarayya ke ba mutum), da sunan mata ko miji. Magidanci ya rubuta waɗannan ya ajiye tare da fasfo inda iyali suka sani.

Sai batun rubutun suna. Mutum ɗaya zai zama Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a bakin jama'a. Kada a faɗi sunan da baki, a ɗauko fasfo ko katin zama a kwafa harafi bayan harafi, haka ma ranar haihuwa, ko da kowa ya san ta ƙiyasi ce aka rubuta tun a gida. Wadda ke kan takardunsa ita hukuma ta sani. Kafin a tura, ku ce a nuna muku ku karanta. Gyara bayan an yi rajista yana yiwuwa, amma sai an cike fom na rantsuwa, an kawo hujja, an biya kuɗi, an yi jira, alhali haya da kuɗin makaranta ba sa jira. Shawarata ita ce jama'ar masallaci su ware mutum guda mai natsuwa, wanda ba shi ne mai zafin rashin ba, ya zauna kan wannan aiki kaɗai.

Kwafi nawa za a nema? Fiye da yadda kuke tsammani. Akwai wuraren da za su duba su mayar, akwai masu riƙewa, kuma galibi hoton takarda ba ya wadatarwa, sai mai hatimi. Ku lissafa banki, inshora, wurin aiki, mai gida, ofishin rajistar mota, kotu idan akwai gado, sannan ku ƙara biyu ko uku na gida. Neman su tashi ɗaya ta hannun masu jana'iza ya fi sauƙi, kuma a wurare da dama, har da gundumar Cook, kwafin farko ne mai tsada, na bayansa sun fi araha idan an haɗa su a oda guda. Ga wanda ya yi aiki yana biyan haraji, hukumar Social Security kan ba matarsa ko ɗan da ya cancanta dala 255 sau ɗaya, kuma yara ƙanana na iya samun tallafin wata-wata. Kada a bari wannan ya wuce.

Idan rasuwar ta hatsari ce ko ta farat ɗaya, likitan gwamnati mai binciken gawa ne ke karɓar lamarin, kuma takardar farko na iya fitowa da rubutun cewa ana kan bincike. Tana shaida rasuwa, amma masu inshora sukan jira ta ƙarshe.

Daga baya in an buƙaci ƙari, ana zuwa ofis da katin shaida mai hoto, ko a aika ta gidan waya, ko ta intanet. Ofisoshi da yawa suna aiki da VitalChek, kamfanin da ke karɓar odar irin waɗannan takardu ta intanet, amma ku shiga ta shafin gundumar kanta, don akwai 'yan kamasho da ke karɓar kuɗi mai yawa kan cike fom kawai. Ba kowa ake ba ba: a jihar Ilinoi, inda Shikago take, sai dangi ko mai haƙƙi a dukiyar mamacin, jihar Tekzas na rufe bayanin har tsawon shekara 25, a Ohayo kuwa kowa na iya nema.

Takardar da za a kai Najeriya tana buƙatar ƙarin tabbaci, domin Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague da ta sauƙaƙa wannan tsakanin ƙasashe. Akan fara da ofishin sakataren jihar da ta bayar, a ƙare a ofishin jakadanci da ke Washinton ko ƙananan ofisoshin Niyok da Atlanta. Ku fara tambayar bankin ko kotun da ke gida irin tambarin da suke so.

Akwai kuma masu neman tsohon bayani. Gidaje da dama suna da kawu ko baffa da ya zo karatu a shekarun 1970, aka ji labarin rasuwarsa ta wasiƙa, har yau ba a san kabarinsa ba. Takardar rasuwa kan nuna inda aka binne mutum da kamfanin da ya yi jana'izar, don haka ita ce bakin zaren. A Ilinoi, rasuwar da ta kai shekara 20 kowa na iya neman kwafinta na tarihin dangi, sai dai ba ya aiki a kotu ko banki. Bayanan gundumar Cook sun faro ne bayan babbar gobarar Shikago ta 1871 da ta cinye na baya, jihar kuma ta fara tattara na ko'ina daga 1916. Shafin intanet na binciken tarihin dangi mai suna FamilySearch kyauta ne, yana taimakawa wajen gano gunduma da shekara. Ku gwada sunan ta kowace fuska, Abubakar da Abubakr da Bukar, ku kuma juya shi, don ma'aikacin wancan zamani yana iya ɗaukar sunan uba ko na gari ya mai da shi sunan farko. In kun samu takardar, ku kira ofishin maƙabartar da ke jikinta, suna riƙe da littafin da ke nuna sashe da lambar kabari.