Yadda za ka ceto muryoyin da ke cikin tsofaffin kaset-kaset ɗin gidanku

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, Allah ya jiƙansa, Hajiya ta sa aka janyo adakarsa daga ƙarƙashin gado. Ƙasan takardun fili da tsofaffin rasitai muka tarar da kaset 63, an ɗaure su goma-goma da kyauro. Akwai na Shata da na Ɗanƙwairo, akwai tafsirin azumi da ya riƙa naɗa daga rediyo, sai guda 4 da aka rubuta wa "saƙon gida" da jan biro. Waɗannan ya aiko su ne ta hannun alhazai shekarun da ya yi yana ɗinki a Jidda. A daren na aro rakodar maƙwabcinmu na zura ɗaya daga cikin huɗun. Na ji sallamarsa, na ji ya fara gaida Hajiya, sai muryar ta yi nauyi ta shaƙe. Kafin in kai hannu rakodar ta tauna zaren ta tsinke shi wuri 2. Har yau akwai kusan minti ɗaya na maganarsa da ban samu ba.

Saboda haka abin da zan fara gaya maka shi ne, kada ka kunna kaset ɗin tukuna, komai ɗokin da kake yi. Tsohon kaset zai iya ba ka juyi ɗaya tak, to ka tabbata wannan juyin kana naɗa.

Sanin abin da ke cikin kaset ɗin zai sa ka gane dalilin kowane mataki. Zaren nan roba ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai kama da tsatsa, maganaɗisu ne ya jera garin daidai da hawa da saukar murya. Jamusawa ne suka fito da dabarar, kamfanin AEG ya nuna na'urarsa a Berlin a 1935, amma zarenta a kan manyan faya-fayai yake, sai gidan rediyo. A 1963 kamfanin Philips, ƙarƙashin injiniya Lou Ottens, ya ƙunshe zaren cikin ɗan gidan roba da zai shiga aljihun riga. Faɗinsa milimita 3.81 ne, yana tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. Abu mai wannan siranta zafi yana lanƙwasa shi, danshin damina yana sa shi funfuna, maganaɗisun lasifika kuma yana iya dusashe abin da ke kai.

Ni dai ina ganin ba na'urar da ta yi wa kiɗanmu da karatunmu hidima kamar kaset. Tun da Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke kama murya ta maimaita ta a 1877, Emile Berliner ya zo da faifan garmaho shekara 10 bayan nan, galibi mai saurare sai dai ya sayi abin da kamfani ya buga. Tsohon faifan nan mai juyi 78 a minti kuma kusan minti 3 kawai yake ɗauka a fuska guda, alhali makaɗin fada yana iya cin rubu'in awa bai gama jero zuriyar ubangidansa ba. Kaset ya ba da rabin awa ko minti 45 a fuska, ya kuma ba talaka jan madannin nan na naɗar murya. Da shi aka naɗi wa'azi a ƙofar masallaci, da kiɗan biki, da saƙon ɗan ci-rani. Irin waɗannan babu kwafinsu a ko'ina sai adakar gidanku, su za ka fara ceto. Na shahararrun mawaƙa za su iya jira.

Ka fara da duba kaset ɗin a hannu, cikin haske. A samansa, gefen da zare ba ya bi, akwai 'yan kunnuwa 2 na roba. Ka ɓalle su da tsinin wuƙa. Da zarar babu su, ko ka yi kuskure ka danna jan madanni rakoda ba za ta shafe komai ba. Sannan ka leƙa ta 'yar tagar tsakiya. In ka ga fari-fari kamar gari a kan naɗin zaren, funfuna ce, ka ware shi gefe, don zai ɓata maka kan rakoda, wato ɗan ƙarfen da zare ke gogawa a jikinsa ya karanta sauti, ya kuma shafa wa sauran. Ka juyo ƙasansa ka duba ɗan soson da ke bayan zare a tsakiya. Shi ke danna zaren a jikin kan da ke karantawa, kuma gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi. In babu shi murya za ta fito a dushe kamar daga cikin rijiya. Ana ciro wani daga kaset marar amfani a manna da ɗigon gam kaɗan, a bar shi ya kwana.

Daga nan sai biro. Irin mai kusurwa 6 ɗin nan yana shiga haƙoran kaset daidai, duk wanda ya tashi a zamanin ya san wannan. Ka juya a hankali kana jin nauyinsa a yatsunka. In yana tafiya sumul, madalla. In ya cije, kada ka matsa. Ka kwantar da kaset ɗin a tafin hannu ka ɗan bubbuga shi fuska da baya, sau da yawa naɗin ne ya karkace sai ya koma. In ya ƙi, gidan ne ya lanƙwashe, sai a sauya wa zaren gida. Kaset mai sukurori 5 ya fi daɗin aiki: ka kwance, ka ɗaga murfin sama kaset ɗin yana kwance a kan tebur, ka ɗauki hoton yadda zaren ya bi ta 'yan tayoyin kusurwa da wayarka, sannan ka ɗauke naɗin biyu tare ka sa a sabon gida. Wanda aka liƙe ba sukuru sai an tsaga shi ta gefe da reza, a hankali. Ka wanke hannu kafin nan, maiƙon yatsa yana zama a kan zare.

Ka lura da lambar da ke jikin kaset, ita ke nuna mintocin da yake ɗauka a fuska biyu. C60 da C90 suna da ƙwari. C120 zarensa ya fi siranta, shi ya fi saurin tsinkewa da naɗewa, ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

In zare ya tsinke, ka yanke bakunan biyu a karkace, ka haɗa su baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, ka liƙa ta baya, wato fuskar da ke kallon cikin kaset. Akwai salatif na musamman na wannan aiki, shi ya kamata a nema. Na kanti gam ɗinsa yana narkewa ya liƙe zaren da ke kusa, in dole ta sa ka yi amfani da shi to ka naɗi kaset ɗin a ranar.

Rakodar ita ce rabin aikin. Bayan abin da ya same ni na ɗauki ta Baba, wata National mai lasifika 2, na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwarmu. Yana buɗe bayanta ya lakato wani baƙin abu kamar kwalta ya nuna mini a yatsa, ya ce, "Yaro, ka ga bel ɗinka nan, ya narke." Ya sa sabo, sannan ya nuna mini abin da ke cin zare: 'yar baƙar tayar roba da siririn ƙarfen da take matse zaren a jikinsa. In tayar ta yi santsi ko ta yi danƙo, zare sai ya naɗe a jikinta. Ka jiƙa audugar goge kunne da sifirit, ka goge kan da ke karantawa, da ƙarfen, da tayar, kana sauya auduga har ta daina fitowa da ja. Ka bari ya bushe. Sai ka gwada da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, ka bar shi ya ci fuska guda cur kana kallo. Wannan gogewar ka maimaita ta bayan kowane kaset 2 ko 3, tsohon zare yana zubar da gari.

Wajen naɗi, hanya mafi kyau ita ce waya mai baki irin na abin sauraro a kunne, ɗaya a ramin fitar sauti na rakoda, ɗayan a kwamfuta. Yawancin kwamfutocin cinya na yanzu raminsu na makirfo ne, yana kumbura sauti, don haka ka sayi 'yar na'urar sauti ta USB mai ramin shigarwa. Ka yi aiki da batir in zai yiwu. Wutar janareto takan sa wani gurnani a ƙarƙashin murya, in kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar juyi zare yana iya sakewa. Ƙananan na'urorin nan masu arha da ake tallar suna juya kaset kai tsaye zuwa filas na gwada ɗaya, gudunta ba ya tsayawa wuri guda, kalangu sai ya riƙa rawa. Ga magana za ta yi, ga kiɗa ban ba ka shawara ba. In kuwa ba ka da komai sai wayar hannu, ka ajiye ta kamar taƙi guda daga lasifika, da dare, a rufe ƙofa a kashe fanka. Ya fi barin kaset ɗin ya ƙara damina a adaka.

Manhajar Audacity kyauta ce, da ita nake aiki. Ka saita ma'aunin ingancin naɗinta (sample rate) a 44,100, ka kunna kaset na gwaji ka daidaita ƙarar yadda ma'aunin zai riƙa kaiwa wajen -6 ba ya taɓa ja. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe ya fashe ke nan. In rakodar tana da madannin Dolby, na rage shuuu ɗin kaset, ka kashe shi, sai in an rubuta a jikin kaset da shi aka naɗa. Ka fara danna naɗi a kwamfuta kafin ka kunna rakoda, kuma ka bar fuskar ta ƙare gaba ɗaya ko da ka ji shiru. A ƙarshen wani kaset na tafsiri, bayan shiru na minti 6, na tsinci muryar yayata tana 'yar shekara 4 tana biya Fatiha Baba yana gyara mata.

In murya ta fito a toshe alhali ka goge komai, akwai ɗan sukuru a gefen kan da ke karantawa. Rakodar da ta naɗi kaset ɗin da taka ba lallai kansu ya zauna a kusurwa ɗaya ba. Ka juya shi kaɗan-kaɗan kaset yana tafiya, hagu ko dama, za ka ji inda "s" da "sh" suka washe, sai ka tsaya nan.

Ka adana na asali a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kada ka taɓa shi da gyara. Yana cin wajen MB 10 a minti, wato C90 guda ya haura MB 900. Daga shi za ka fitar da MP3 na turawa 'yan'uwa a WhatsApp. Ka ajiye kwafi a wuri 2 aƙalla, ɗaya a wani gidan, don filas da memori suna mutuwa ba sallama. Kaset ɗin kuma kada ka yar. Ka mayar da shi kwalinsa, a tsaye, a ɗaki mai sanyi nesa da lasifika da taga.

Aikin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne sa suna. Na ɗauki hoton kowane kaset fuska da baya saboda rubutun Baba, sannan na riƙa zama da Hajiya bayan isha'i ina kunna mata. Ita ce ke cewa wannan sunan wane ne, wannan mai dariyar a baya ƙanwar kakarku ce, wannan shekarar da aka yi fari ne. Ina rubutawa a littafi, in sa a sunan fayil ɗin: shekara, wuri, masu magana. Ka yi wannan tun masu gane muryoyin suna nan. Mun gama 51. Guda 7 masu funfuna suna cikin wani kwali daban, ina jiran iskar hunturu ta busar da su kafin in buɗe, sauran 5 kuma C120 ne.